Taga Mai Faɗin Kafaɗa

Alhaji Hamajoda ya sayi fili a gindin dutsen Marwa,
ya ce in tona masa ɗakin kwana a cikin gangaren,
bango uku su jingina da tudu,
rufin ma a lulluɓe da ƙasa har ciyawa ta tsiro,
don in bazara ta narkar da kwalta a Domayo
shi ya kwanta kamar ruwa a randa.

Na ce to, tsohuwar dabara ce, gara ta riga mu sani.
Amma ko gafiya, Alhaji,
ba ta haƙa rami mai baki ɗaya.

Ya yi dariya.
Ya ce taga hanyar zafi ce da ɓarawo,
a yi ta ƙarama can sama, a gitta mata rodi.

Sai na ajiye cokalin gini.

Ban taɓa ba shi labarin Mati ba.
Ƙanena ne, mai gyaran rediyo a Kuseri,
ɗakinsa ya nutse kamu biyu a ƙasa,
sanyi kamar bakin rijiya.
Daren da jarkar fetur ta kama a bakin ƙofa,
wuta ta zauna daram a kan hanya ɗaya da yake da ita.
Muna waje muna jin tarinsa.
Hannunsa ya fito ta tagar har gwiwa,
na riƙe.
Rodin nan ni na dasa shi, da siminti mai kyau,
har na yi alfahari ranar da na gama.
Muka sa gatari, muka sa diga,
ginina ya nuna mana ingancinsa.
Har yau tafina bai manta
lokacin da yatsunsa suka daina matse nawa ba.

Tun ran nan ba na auna taga da igiya,
kafaɗata nake sawa.
In ban wuce ba, aiki bai ƙare ba.
Dokinta ya sauko inda 'yar shekara biyar
za ta ɗora gwiwa ba tare da kujera ba.
Sakata daga ciki, wadda hannu ɗaya zai zare a duhu,
hannun da ke rawa, idon da hayaƙi ya rufe.
Ban da kwaɗo:
makulli yakan kwana a aljihun rigar
da ke rataye a ɗakin da ke ci.
In tagar tana kallon tudu, a yanke mata rami a waje,
a sassaƙa matakala uku,
a bar magudana, kada ruwan Agusta ya mai da shi tafki.
Kuma kada wata rana a ga wuri ya yi daɗin ajiya
a cusa buhun gawayi da mataccen keke.

Alhaji ya daɗe yana jan casbi.
Bai ce na yi gaskiya ba, masu kuɗi ba su saba ba.
Ya dai ce, nawa zai ƙaru?

Ranar da muka gama na kira jikarsa Dudu,
na rufe ƙofa, na ce mu ga.
Kafin in ƙirga goma tana kan tudu tana tafi.
Sai shi ma ya tattare babbar riga,
ya sa kai, ya sa kafaɗa,
tumbi ya ce bai san zancen ba.
Hula ta gangara cikin ramin,
leburori suka juya baya suna tari.

Da ya ja da baya, yana haki, ya dube ni,
ya ce, Barau, ƙara mata taƙi ɗaya.

Na ɗauki guduma.
Ban taɓa jin daɗin fasa aikin hannuna ba
sai ran nan.